Yadda Ake Duba Fata Kafin A Shafa Mata Magani

A yawancin gidajen zango a Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Tafo, ba a rasa wani ɗan man shafawa na kwali a kan taga ko a jakar uwargida, wanda ake ɗaukowa duk lokacin da wani ya ce jikinsa na ƙaiƙayi. An saye shi ne don kurajen yaya, sai aka shafa wa ƙane a kan makero, daga baya kuma aka shafa wa jariri a matsematsi. Cututtukan fata da yawa suna kama da juna a ido, amma tushensu ba ɗaya ba ne, kuma man da ke kwantar da wannan shi ne sau da yawa yake hura wancan. Saboda haka aikin farko shi ne dubawa, kuma dubawa ba ta yiwuwa sai mutum ya san yadda aka gina fatar da yake kallo.

Fatar baligi, in da za a shimfiɗa ta, takan kai murabba'in mita 1.5 zuwa 2, kuma tana ɗaukar kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki. Shimfiɗa uku gare ta. Ta sama siririya ce ƙwarai, ta fi siranta a fatar ido, ta fi kauri a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. A gindinta ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, na baya suna tura na gaba zuwa sama, har su mutu, su baje, su taurara, su kakkaɓe ba tare da mun sani ba. Wannan tafiya takan ɗauki kimanin wata guda, shi ya sa maganin fata na gaskiya yake buƙatar makonni kafin a ga amfaninsa, kuma shi ya sa ya kamata a yi shakkar duk man da aka ce zai sauya fata cikin kwana 3. Matattun ƙwayoyin da ke can sama suna jere ne kamar bulo a jikin katanga, wani maiƙo na tsakaninsu kuma shi ne simintin da ke riƙe su. Shi ke hana ruwan jiki ƙafewa, shi ke hana ƙwayoyin cuta kutsawa. Ruwan zafi sosai, da sabulu mai kaifi, da dirzar jiki da soson raga da ƙarfi, duk suna wanke wannan maiƙo.

A gindin wannan shimfiɗa ta sama kuma ake samun ƙwayoyin da ke yin sinadarin melanin, wanda ke ba fata launi yana kare ta daga hasken rana. Adadin waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari, bambancin yana ga yawan launin da suke fitarwa. Abu biyu ne suka shafe mu a nan. Na farko, kumburin da ake cewa yana yin ja, a fatarmu yakan fito ne da duhu fiye da kewayensa, ko da launin toka, ko ya yi shuɗi-shuɗi, don haka wanda ya zauna jiran ja ba zai gan shi ba. Sai an taɓa an ji ɗumi da tauri. Na biyu, duk inda fata ta yi kumburi ko aka sosa ta, ƙwayoyin launi sukan zuba launi fiye da kima, a bar baƙin tabo wanda zai yi watanni kafin ya dushe. Tabon ba ciwo ba ne, sawun ciwon da ya wuce ne, kuma mutane da yawa sun lalata fatarsu wajen yaƙi da shi.

Shimfiɗa ta tsakiya ita ce mai kauri da ƙarfi. A cikinta zaruruwan kolajin masu ba fata ƙarfi suke, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin da ke jin zafi da sanyi da taɓawa, da saiwar gashi, da maɓuɓɓugan maiƙo da ke liƙe da saiwar, da maɓuɓɓugan zufa da yawansu ya kai miliyan 2 zuwa 4. Duk raunin da ya zubar da jini ya kai nan, kuma shi ne yake barin tabo na dindindin. Nankarwa tsagewar wannan shimfiɗa ce daga ciki, tabon da ke tudu yana girma fiye da raunin asali, irin wanda ake gani bayan huda kunne, shi ma a nan yake tsira. Ta ukun kitse ce, tana riƙe ɗumi tana rage zafin bugu, kuma ciwon da ya sauka cikinta ya wuce abin da man shafawa zai kai gare shi.

Idan za a duba, a yi da safe a tsakar gida ko kusa da taga, domin hasken ƙwan lantarki yana ɓoye launi. A wanke wurin da ruwa zalla, a cire hoda da mai da duk abin da aka shafa. Kada a tsaya kan wurin da ake kuka da shi kaɗai: a duba fatar kai, da bayan kunne, da ƙeya, da hammata, da ƙarƙashin mama, da kewayen cibiya, da matsematsi, da tsakanin yatsun hannu da na ƙafa, da farce, da tafin ƙafa. Sannan a tambayi mai ciwon yaushe abin ya fara da kuma inda ya fara. Ko ƙaiƙayi yake yi, ko zafi, ko kuwa ba ya jin komai a wurin. Ko akwai wani a ɗakin da yake sosa jiki. Ko an sauya sabulu, ko mai, ko turare, ko an sa baƙin lalle, ko an fara shan sabon magani. Ko akwai zazzaɓi. Yana da kyau a ɗauki hoto da waya, a ajiye ƙwandala kusa da wurin don a gane girmansa, a sake ɗauka bayan mako guda. Idan kumburi ne mai zafi, a zagaye iyakarsa da biro. In washegari ya ƙetare layin, to asibiti ne ba jinkiri.

Amsar tambaya ɗaya daga cikin waɗannan tana warware rabin matsala a gidan haya mai cunkoso. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, kuma mutum biyu ko uku da ke kwana wuri ɗaya suna sosawa, ƙazuwa ce har sai an tabbatar da wani abu daban. Wata 'yar ƙwaro ce da ido ba ya iya gani sosai ke kawo ta, macenta tana haƙa rami a shimfiɗar sama tana yin ƙwai a ciki. A kama hannun yaro a buɗe yatsunsa a cikin haske: za a ga ƙananan kuraje a fatar da ke tsakanin yatsu da cikin wuyan hannu, wasu an fasa kansu da farce sun yi ɓawo, wani lokaci kuma a ga ɗan siririn layi mai lanƙwasa, gajere ƙwarai, wanda shi ne ramin. Ga maza a duba al'aura, ga mata kewayen kan mama, ga jarirai tafin hannu da tafin ƙafa har da kai. Wanda ya kamu karo na farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin ƙaiƙayi, alhali a duk wannan lokaci yana yaɗa ta, kuma wannan ne dalilin da ya sa dole a yi wa duk mutanen ɗaki magani a rana ɗaya, har da waɗanda suka ce lafiyarsu ƙalau.

Maganin da aka fi samu shi ne permethrin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ko ruwan benzyl benzoate. Ana shafawa ne a jiki duka daga wuya zuwa yatsun ƙafa, ga jarirai har da kai, ba kan kuraje kaɗai ba, a cusa ƙarƙashin farce bayan an yanke su. Na farkon ana barinsa ya kwana, awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan mako guda; na biyun yana da raɗaɗi, kuma ga ƙananan yara ana sirka shi bisa awon da ma'aikacin lafiya zai faɗa. Duk wanda ya yi alwala ko ya wanke hannu a cikin waɗannan awoyi, ya sake shafawa a inda ruwa ya taɓa. Tufafi da zanen gado da tawul a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda aƙalla kwana 3, domin ƙwaron ba ya daɗewa a raye idan ya rabu da jikin mutum. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba har mako 2 zuwa 4 bayan an kashe ƙwaron, kuma wannan ba ya nufin magani bai ci ba. Ƙazuwa ba shaidar ƙazanta ba ce, cunkoso ne ke kawo ta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Abin da ya fi damuna game da ita shi ne abin da ke biyo bayan susa: ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya kan shiga, kuraje su yi mugunya da ɓawo mai launin zuma, kuma a wasu yara hakan yakan taɓa ƙoda bayan 'yan makonni. Yaron da ya yi irin waɗannan kuraje, sannan fuskarsa ta kumbura da safe ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, a kai shi asibiti a ranar.

Damshin Kumasi, da damina biyu a shekara, yana yi wa fangas daɗi, wato ƙwayar cutar da ke kawo makero da ire-irensa. Makero zagaye ne mai ƙaiƙayi, bakinsa ya ɗan tashi yana ɓare-ɓare, tsakiyarsa ta lafa, yana faɗaɗa a hankali. Ana shafa masa clotrimazole ko miconazole safe da yamma na mako 2 zuwa 4, a wuce bakin zagayen da kamar faɗin yatsa, kuma a ci gaba har mako guda bayan ya ɓace. Ƙora a kan yaro ita ma fangas ce, amma ta shiga cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa. Sai an sha magani irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8 da umarnin likita. Iyaye da yawa suna ɓata shekara suna shafe-shafe har gashin wurin ya mutu. A raba wa yaron matajinsa da hularsa, a tabbata mai aski ya tsabtace injinsa kafin ya ɗora a kan wani. Kyasbi kuwa, waɗannan dabbare-dabbare masu haske ko duhu a ƙirji da baya da wuya, waɗanda ke fitar da ɗan gari idan aka kankare da farce, wani fangas ne da yake zaune a fatar kowa, zufa da maiƙo ne ke sa ya yi yawa. Sabulun wanke kai mai ketoconazole, a shafa a jiki a bar shi kamar minti 5 kafin a ɗauraye, yana kashe shi, amma launin fata ba ya daidaita sai bayan watanni. Tsakanin yatsun ƙafa da ya yi fari ya tsattsage yana buƙatar irin man makero, da kuma ɗabi'a ɗaya mai sauƙi, wato tsane tsakanin yatsu bayan wanka da bayan kowace alwala kafin a sa safa.

Akwai ƙaiƙayin da ba ƙwaro ba fangas a cikinsa, katangar fata ce ta yi rauni. Yakan bi gidan da ake da asma, ya fito a kumatun jariri, ko a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa ga yaro, fatar ta bushe, ta yi kauri da duhu saboda susa. Ba ya yaɗuwa zuwa wani. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tsananinsa, tare da faso da kaushi. A rage zafin ruwan wanka, a gajarta wankan, a ajiye soson raga, a yi amfani da sabulu marar turare, sannan a shafa man kaɗe ko basilin tun jiki da sauran danshi. Man kaɗen da ake kawowa daga arewacin Ghana ya wadatar da yawancin mutane. Kurajen zufa na jarirai ba sa son komai sai iska, da tufafin auduga marasa nauyi, da rage mai. Masu aiki da siminti, da makanikan Suame da ke wuni hannunsu cikin baƙin mai, su daina wanke hannu da fetur ko kananzir.

Kurajen fuska suna fitowa ne idan maiƙo da matattun ƙwayoyi suka toshe bakin ramin gashi. Matsa su shi ke barin baƙin tabo. A wanke fuska sau biyu a rana, a guji mai mai nauyi a goshi, a gwada benzoyl peroxide mai sauƙin ƙarfi, a ba shi mako 6 zuwa 8. Kurajen aski a gemu da ƙeya gashi ne mai murɗewa yake komawa ya soki fata, maganinsu na farko shi ne a bar askin reza na ƙwal-kwabo a riƙa barin ɗan tsawo.

Yanzu mu koma kan man kwalin nan. Kafin a biya kuɗi a shagon magani ko a kasuwar Kejetia, a juya kwalin a karanta abin da ke ciki. Idan an ga clobetasol ko betamethasone, to sitiroyid ne mai ƙarfi, ko da an haɗa shi da maganin fangas an ce yana maganin komai. Sitiroyid yana danne kumburi da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake yabonsa, amma yana danne garkuwar fata tare da su. A kan makero, zagayen zai dushe ya ɓace wa ido, fangas kuma ya bazu har likita ma ya sha wahalar gane shi. A kan ƙazuwa, ƙwaron zai ƙara yawa. Idan aka daɗe ana shafawa, shimfiɗar tsakiya takan sirance, jijiyoyi su bayyana, manyan nankarwa su keto a hammata da cinya waɗanda ba sa komawa, rauni ya daina warkewa da wuri, kuma abin da jini ya tsotsa yana iya tayar da hawan jini da sukari. Fatar jariri ta fi tsotsa, musamman a ƙarƙashin kunzugu. Sitiroyid magani ne mai amfani a hannun likita, na ƙayyadaddun kwanaki, a ƙayyadadden wuri; ba na adawa da shi, ina adawa ne da sayar da shi ga duk wanda ya ce, "Malam, ba ni man ƙaiƙayi."

Irin waɗannan sinadarai ne kuma ke cikin yawancin mayukan bilicin, tare da hydroquinone, wani lokaci da sinadarin makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Daɗewa kan hydroquinone yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da ƙeya, mai wuyar magani ƙwarai. A 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana ta sanar da haramta shigo da kayan kwalliya masu ɗauke da shi, a 2018 kuma ta gargaɗi mata masu ciki kan shan ƙwayoyin glutathione da nufin haskaka fatar jariri. Man da ake haɗawa a zuba a roba babu suna babu jerin sinadarai ya fi kowanne haɗari. Wadda ta daɗe tana shafawa kuma take son bari ta nemi likita ya tsara mata yadda za ta rage a hankali, domin tsayawa farat ɗaya yakan sa fata ta yi raɗaɗi da kuraje, kuma a nan ne da yawa suke komawa.

Wasu alamomi ba na gida ba ne ko kaɗan, kuma mafi haɗarinsu su ne marasa zafi. Dabbaren da ya fi kewayensa haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya fitar da gari, a gwada shi haka: a murɗa ɗan auduga ta yi tsini, a sa mutum ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata ya nuna wurin da yatsa, sannan a taɓa tsakiyar dabbaren. Idan bai ji ba, ana zargin kuturta. Bakteriya ce ke kawo ta, tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12 da ake bayarwa kyauta, kuma wanda ya fara sha da wuri ba ya rasa yatsu. Asibitin Ankaful kusa da Cape Coast ya daɗe yana wannan aiki. Ƙulli mai tauri marar zafi a hannu ko ƙafa, ko kumburin da ba ya ciwo, ga wanda yake zuwa noma ko fatauci a yankunan Amansie ko Asante Akim, yana iya zama farkon gyambon Buruli, wanda ke cin kitsen ƙarƙashin fata kafin ya fashe ya zama babban miki. Idan aka kama shi da wuri, shan rifampicin da clarithromycin na mako 8 yana warkar da shi, kuma asibitin Presbyterian na Agogo sananne ne a kansa. Baƙin ɗigo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma, ko sauya siffa, ko zubar da jini, a nuna wa likita, domin a nan ne wani mugun nau'in sankarar fata ya fi fitowa ga baƙar fata. Mai ciwon sukari ya duba ƙafarsa kullum, duk mikin da ya wuce mako 2 bai kama hanyar warkewa ba kuma ya fi ƙarfin gida.

Na gaggawa su ne kurajen da suka biyo bayan sabon magani tare da zazzaɓi da salewar leɓe, ko ido, ko al'aura. Da borin jini da ya zo da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Da kumburi mai zafi da ke hawa ƙafa tare da rawar sanyi. Kuraje masu ruwa ko mugunya da suka zo da zazzaɓi da kaluluwa suna iya zama ƙyandar biri, wadda aka samu a Ghana a 2022 da bayanta. A ware mai ciwon da kayan kwanciyarsa, a sanar da ma'aikatan lafiya. Maruru a tsakiyar fuska kada a matsa shi.

Ranar zuwa asibiti, kada a shafa komai a wurin tun daga daren jiya, kada a sa hoda ko shuɗin magani da zai rufe launi. A tafi da katin inshorar lafiya, da hotunan da aka ɗauka, da kwalayen duk abin da aka shafa ko aka sha, har da na gargajiya da na bilicin, a zube su gaban likita a faɗi tsawon lokacin da aka yi ana amfani da kowanne. Ana iya farawa daga asibitin gwamnati mafi kusa, kamar na Manhyia ko na Tafo, idan abin ya buƙaci ƙwararren likitan fata za su rubuta takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, inda za a iya kankarar ɗan garin fata ko yankar ɗan ƙaramin yanki a duba a ɗakin gwaji.